Tun ran gini ran zane: mu bar ma haske hanya a ɗakunanmu

  Yau maganar fitila za mu yi, kuma bari in fara da abin da ya same ni, don kada wata ta faɗa ramin da na faɗa.

Da aka yi rabon asusu shekaru uku da suka wuce, na haɗa kasona da kuɗin tunkiyar da na sayar na tayar da ɗan shago a ƙofar gida. Magini ya yi aikinsa, aka yi yaɓe, aka shafa siminti, shago ya fito tsaf. Sai da aka gama komai na tuna da haske. Na je kasuwa na sayo irin fitilar nan mai ɗan pano da ampul biyu, wadda batir ɗinta ke rufe cikin akwatin roba. Wata bakwai tana ci lafiya. Ranar da ta mutu na kai ma mai gyara, ya juya ta, ya juya, ya ce batir ne ya gaji, amma an liƙe akwatin, kuma irin batir ɗin babu shi a garin nan. Pano lafiya lau, ampul lafiya lau, amma duka suka zama kayan wasan yara.

Na sake tara kuɗi na kira mai aikin kuran. Shi kuma da ya zo sai ya ce waya ba ta da hanya, dole a fasa bango. Ina tsaye ina kallo aka sassare simintin da ban gama biyan bashinsa ba. Ran nan na gane ma'anar maganar iyayenmu: tun ran gini ran zane. Ɗakin da aka gina ba a yi tunanin fitila ba, sau biyu ake biyan kuɗinsa.

Me ya canza a harkar fitila?

Mu da muka tashi da aci-balbal da fitilar ƙwai mun san warin kananzir, mun san baƙin da ke fita a hancin yaro da safe idan ya kwana kusa da fitila. Daga baya aka shiga yayin tocila mai pil, kullum kina saye kina zubarwa. Masu kuran kuma suna da ampul mai zare a ciki, wanda in ya jima yana ci ba ki iya taɓa shi. Wannan zafin kuɗinki ne ke ƙonewa, domin kusan kashi 9 cikin 10 na wutar da irin wannan ampul ke sha zafi take zama, kashi ɗaya ne kawai haske.

Ampul ɗin da ake ce ma LED shi ya sauya lissafin. Wasu masana uku ƴan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, su suka gano yadda ake samar da shuɗin hasken da ya ba da damar yin farin ampul na LED, har aka ba su kyautar Nobel a 2014. Abin da ya shafe mu a ciki shi ne wannan: hasken da tsohon ampul mai wat 60 ke bayarwa, LED mai wat 9 zai ba ki shi. In kina kunna tsohon awa 5 kowane dare, a wata zai sha kilowat 9. LED kuwa bai kai kilowat ɗaya da rabi ba. Tsohon ampul yakan yi kamar awa 1,000 ya mutu, LED na kirki yana iya haura awa 15,000.

Saboda ƙarancin cin wutarsa ne ƙaramin pano da ƙaramin batir suke iya haskaka gida guda. Da, hasken rana sai gidan likita da gidajen manya. Yanzu mai tuyar ƙosai ma tana iya mallakarsa.

Kuma muna da dalilin dogaro da ranar. A Nijar kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da kuran, a karkara abin bai ma kai haka ba. Masu shi ɗin ma sun ga abin da ya faru a Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turo muna bayan takunkumin ECOWAS, ba a maido ba sai a farkon 2024. Gwamnati ta kafa babbar tashar hasken rana mai megawat 30 a Goru Banda kusa da Yamai, akwai kuma hukumar ANPER mai kula da kai wuta karkara. Tun kafin a haifi yawancinmu, wani ɗan Tasawa, Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shafe shekaru yana jagorantar ONERSOL, ofishin binciken amfani da hasken rana. Ke nan abin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Amma kafin layi ya iso kowane kwari da kowace ruga, mu ne za mu san yadda za mu yi da ɗakunanmu.

Abin da za ki faɗa ma magini kafin ya yi yaɓe

Gidan Bahaushe da na Bamange ba ya tsayawa yadda aka fara shi. Bana ɗaki ɗaya, baɗi an ƙara rumfa, ɗa ya yi aure an yanka masa ɗaki, an buɗe shago ta waje. Kuɗinmu ma haka suke zuwa, kaɗan kaɗan. To aikin haske ma a yi shi yadda zai iya girma tare da gidan. Ga abubuwan da na koya, wasu da kuɗina, wasu daga bakin masu sana'ar.

Na farko, a binne bututu. Akwai bututun roba mai lanƙwasa da masu aikin kuran ke ce ma gen. Shi ake sakawa cikin bango tun ana gini, waya ta bi ta cikinsa. Ko ba ki da kuɗin waya yau, ki sa a binne bututun, a zura siririyar igiya a ciki, a toshe bakinsa da tsumma don kada zanzaro ya yi gida. Ranar da kuɗi suka samu, da igiyar za a jawo wayar, ba sara ba fasa. Ranar da waya ta lalace, a zare ta a zura sabuwa. Bututun kuma yana kare waya daga haƙorin ɓera da laimar damina. In ɗakin ya riga ya ginu, a bi da bututun ta saman bango a kama shi da maƙalai. A ɗakin kara ko na zana kada a kuskura a bar waya tsirara, nan ne gobara ke tashi.

Na biyu, wayoyi duka su haɗu wuri ɗaya. Ki zaɓi lungu mai inuwa da iska, inda hannun yara ba ya kaiwa, a kafa ɗan akwati a can. Daga nan kowace waya za ta tashi zuwa ɗakinta. A bar gurbi biyu ko uku babu komai, saboda ɗakin da ba a gina ba tukuna. A sa fis, wato abin nan da ke yanke wuta da kansa in waya ta haɗu. Shi ne mafi arha a cikin kayan, kuma shi ne ke tsare gidan.

Na uku, kowane ampul da makunninsa. Wasu don rage kuɗi sukan haɗa ampul uku kan makunni ɗaya. Sai ki ga ana son haske a madafa, amma ɗaki da tsakar gida duk suna ci a banza, kafin tsakar dare batir ya ƙare.

Na huɗu, mariƙin ampul ya zama irin na kowa. Iri biyu ne suka cika kasuwa: mai murɗawa, wanda ake rubuta E27 a kwalinsa, da mai ƴan kunnuwa biyu da ake dannawa a juya, B22. Ki zaɓi ɗaya ki yi gidan duka da shi. In ampul ya mutu, ko yaro kika aika zai samo. Fitilar da aka haɗa ampul da gidanta a liƙe tana da kyan gani, amma in ta mutu duka za ki zubar.

Na biyar, kada a yi rowar waya. Wutar batir mai bolt 12 ba ta da ƙarfin tura kanta nesa. Kamar ruwa ne a dogon siririn tiyo, kafin ya kai ƙarshe ya zama ɗigo. In waya ta yi siriri kuma ta yi tsawo, ampul na ɗakin ƙarshe zai dinga ci dishi-dishi, ki ɗauka ampul ɗin ne marar kyau. A nemi wayar jan ƙarfe ta gaske mai kauri, wadda ake ce ma 2.5, kuma a ajiye batir a tsakiyar gida don hanya ta gajarta.

In an yi waɗannan, ranar da layin NIGELEC ya iso unguwarku ba sai an fasa komai ba. Ƙwararre zai duba wayoyin, ya canza abin da ya kamata, bututun nan dai shi zai ci gaba da aiki.

Hattara: ampul biyu, kama ɗaya

Wannan ina roƙon shugabannin ƙungiyoyi su maimaita shi a wurin zubi. Akwai ampul na batir mai bolt 12, akwai na kuran mai bolt 220, kuma a ido kusan ba su da bambanci, mariƙinsu ma ɗaya ne. In kika ɗaura na batir a kuran, nan take zai ƙone, wani har ya fashe. In kika ɗaura na kuran a batir, ba zai kama ba. Ki duba jikin ampul, an rubuta 12V ko 220V. Wadda ba ta karatun boko ta sa ɗan lakwal ya duba mata, sa'an nan ta ɗiga jan fenti a kan na batir. Wutar batir kuma tana da kai da gindi: jar waya wurinta daban, baƙa wurinta daban. Aikin kuran mai bolt 220 kuwa yana kisa. Ba na maigida ba ne, ba na yaron maƙwabta mai karambani ba ne, na wanda ya koya ne.

Mu yi lissafi kamar yadda muke yi ranar zubi

Kada mai kanti ya zaɓa miki. Ki je da lissafinki a hannu. A ce kina son ampul 4, na ɗaki da madafa da tsakar gida da shago, kowane mai wat 5, suna ci awa 5 a dare. 4 sau 5 sau 5, ya kama 100. Ki ƙara cajin salula 3, kowace kamar 10, ya zama 130. Wannan shi ne cin gidanki a yini.

Pano mai wat 50, a ranarmu ta Gure, yana samun kamar awa 5 na rana mai ƙarfi, wato 250. Ki cire kashi ɗaya cikin uku saboda zafi da ƙura da abin da ke ɓacewa a hanya, saura kamar 170. Ya ishe ki har da ɗan rara.

Batir kuma randa ce. Wanda aka rubuta 12V 40Ah a jikinsa yana ɗaukar 480. Amma batir mai dalma, irin wanda ya fi yawa a kasuwa, ba a kwashe shi har ƙasa. Rabi ake ɗiba, wato 240. In kina ƙarar da shi kullum, ba zai yi shekara ba. Batir na litiyom ya fi jurewa kuma ya fi daɗewa, sai dai ya fi tsada.

Tsakanin pano da batir akwai ɗan akwatin da ake kira regilater. Shi ne mai gadin randa: ba ya bari ta cika ta zube, ba ya bari a kwashe ta tas. Masu cewa a haɗa pano da batir kai tsaye don a rage kuɗi, batir ɗinki suke kashewa. Ki sayi regilater mai amfiya 10 ko da panonki ɗaya ne, don ranar da kika ƙara na biyu ba sai kin canza shi ba.

Fanka ta batir, in tana juyawa awa 6, ita kaɗai tana iya cin abin da ampul huɗun nan ke ci. In kina da niyyarta saboda zafin Afrilu da Mayu, ki sa ta cikin lissafi tun yanzu. Dutsen guga da firiji kuwa ba na wannan ƙaramin tsari ba ne, kada wani ya ruɗe ki. Sa'an nan ba a haɗa tsohon batir da sabo, tsohon zai ja sabon ƙasa.

A wurin saye

Araha ba ta ado. A kwalin ampul ki nemi lambar da aka rubuta lm a gabanta, ita ce ke nuna yawan haske. Wat yawan ci ne kawai. Kamar 400 zuwa 500 ya ishi ƙaramin ɗaki. Mai ɗinki, da mai saƙar tabarma ko faifai da dare, da ɗakin da yara ke bitar karatu, su nemi kamar 800, kuma a rataye ampul ɗin daidai saman wurin aiki. Akwai mai farin haske tas, akwai mai ɗan ja-ja kamar na fitilar ƙwai. Farin ya fi kyau ga aikin allura da ƙirgar kuɗi. Mai ja-jan ya fi daɗin ido a ɗakin kwana, kuma bai cika tara ƙwari ba, don haka ya dace da tsakar gida da wurin mai sayar da abinci.

Ki sa a gwada miki komai a gabanki. Ki karɓi takardar saye mai kwanan wata. Ki tambayi mai kanti: in ya mutu cikin wata nawa za ka canza min? In fitilar haɗe ce mai panonta, ki tambaya ko ana buɗe ta a canza batir, kuma ko batir ɗin yana samuwa a Gure ko Damagaram. Da na yi wannan tambaya guda, da ban yi asara ba. Akwai wani tsarin gwajin inganci na duniya mai suna VeraSol, wanda da ake kira Lighting Global. Kayan da suka ci wannan gwaji sun fi zama abin dogaro, don haka ba laifi ki tambaya.

Kulawa: aikin minti biyar

Ƙasarmu ta rairayi ce, hunturu kuma ba ya raga ma kowa. Ƙurar da ta kwanta kan pano tana rage wutarsa sosai. A goge shi da tsumma mai laushi da ɗan ruwa, da sassafe kafin ya yi zafi, lokacin hazo ko sau biyu a mako. A kafa shi yana kallon kudu, a ɗan karkace, inda inuwar bedi ko katanga ba ta faɗa masa, a ɗaure shi da kyau saboda iskar farkon damina da kuma masu ɗan hali.

Zafi shi ne babban maƙiyin batir da LED. Kada a liƙa ampul jikin kwanon rufi, a bar tazara. Batir a ɗora shi kan katako a inuwa, nesa da murhu, ba a ƙarƙashin gadon da ake kwana ba. In ya mutu kada a bar yara su fasa shi, dalma da ruwan da ke ciki guba ne, a mayar ma masu sayen tsofaffi. Tsofaffin ampul ɗin nan masu lanƙwasasshen farin gilashi kuma akwai zaiba a cikinsu, in sun fashe a buɗe ƙofa iska ta shiga, a kwashe da kwali, ba da hannu ba.

Ina asusu ya shigo?

Tsarin Mata Masu Dubara a ƙasar nan aka haife shi, a jihar Maraɗi a 1991, tare da ƙungiyar CARE, kuma yau ƙasashe da dama na Afirka da wajenta sun kwaikwaye shi. Abin da ya sa ya yi ƙarko shi ne ba ya jiran babban kuɗi. Aikin haske ma haka za mu bi da shi, hawa hawa.

Hawa na farko, lokacin gini ko yaɓe: bututu da akwati da mariƙai. Hawa na biyu, bayan rabo ko bayan kaka: pano da regilater da batir da ampul biyu. Hawa na uku: sauran ɗakuna da wurin cajin salula. Na huɗu: pano na biyu da fanka. Ko a wane hawa kika tsaya, abin da kika kashe bai ɓace ba.

Ƙungiya na iya buɗe ƙaramin zubi na haske daban. Misali mata 25, kowace ta ƙara dala 20 a mako, jaka biyu da rabi ke nan. A mako 12 an tara jaka 30. A yi ƙuri'a ko a bi layi, kamar adashi. In mata biyar ko goma suka haɗa saye wuri ɗaya, suna da bakin neman ragi, kuma mai aiki ɗaya zai yi musu duka, in abu ya lalace an san ƙofar da za a buga.

Wadda za ta ci bashin asusu don haske, ta fara rubuta abin da take kashewa a mako kan pil da kananzir da cajin salula a kanti. Ta yi haka mako huɗu. Wannan kuɗin ne zai biya bashin. In kuma hasken zai ƙara mata awa biyu na ciniki bayan magariba, ko ta riƙa yi ma maƙwabta caji, to ya zama jari. Amma ta tuna batir yana tsufa. Tun ranar da aka kunna fitila ta fara ajiye ɗan wani abu a mako don sabon batir, kada ranar ta zo mata ba shiri.

Masu zaman gidan haya ko gidan gandu, ku yi aikin da ake kwancewa: bututu a saman bango, pano mai ɗaurin ƙusa mai murɗawa. Takardar saye ta fito da sunanki, ki ajiye ta a akwatinki. Mun san yadda zaman duniya yake, abin da kika saya da guminki ya kamata ya iya bin ki duk inda kika koma.

Shawarata ta ƙarshe ga shugabanni: kowace ƙungiya ta zaɓi ƴan mata biyu masu kai, a haɗa su da mai sana'a su koyi aikin batir mai bolt 12, canza fis, gwada batir, ɗaura mariƙi. Akwai gidajen da namiji baƙo ba ya shiga sai maigida na nan, fitila ta yi mako tana mace saboda wayar da ta kwance. Yarinyar da ta iya wannan ta samu sana'a, mu kuma mun huta da jira.

Shagona yanzu ampul uku ne, kuma akwai bakin bututu guda a kusurwar gabas da na toshe da tsumma. Jikata ta tambaye ni na mene ne, na ce na ɗakin ɗinkin da za mu gina mata ne in Allah ya kai mu rabon baɗi.

A zubin wannan mako, kowace ta zo da lissafin abin da ta kashe kan haske. Allah ya sa albarka a asusunmu, ya haskaka gidajenmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.